Kala, Mudu da Bashin Kaka: Ina Rabon Talaka a Gonar Kirista?

A gidanmu, can ƙasar Sumaila, in an gama yankan dawa an ɗaure dammuna, mahaifina ba ya bari mu koma gona mu tsince abin da ya zuba. Wata shekara, ina yaro, na ga zangarniya manya-manya kwance a kwarin kunya, ga kuma wata kusurwa ta gabas da ba a sa mata wuƙa ba sam. Na ɗauki kwando zan juya, sai ya ce, "Ajiye kwandon nan, wannan ba namu ba ne." Na ce, "Baba, ai gonarmu ce." Ya ce, "Gonar tamu ce, amma kalar tana da masu ita." Washegari da sanyin safiya sai ga mata uku da ƙorai da tsofaffin buhuna. Ɗaya 'yar majami'armu ce da mijinta ya rasu, biyun Musulmi ne daga unguwar ƙetaren rafi. Ba su biyo ta gida neman izini ba, da suka gama kuma ba su zo sun durƙusa godiya ba. Gaisuwa ce kawai ta haɗa su da Baba a bakin hanya, "Sannunku da aiki", "Yawwa, sannu maigida", kowa ya kama gabansa.

In aka tayar da zancen taimakon matalauta a majami'a, hankalin yawancinmu yakan tafi wajen kwanon baiko, ko shinkafar Kirsimeti, ko tufafin da aka daina sawa. Duk waɗannan alheri ne, ba na raina ko ɗaya. Amma Littafi Mai Tsarki ba daga nan ya ɗauko maganar ba. Ya ɗauko ta ne daga gona, da mudu, da bashi, da ladan ƙwadago, wato wuraren da mu mutanen karkara muke wuni kullum. Kuma abin da ya keɓe wa talaka a waɗannan wurare bai kira shi kyautar mai hali ba, haƙƙi ne da Allah ya riga ya yanka masa. Wanda bai gane wannan ba, zai iya yin baiko mai tsoka ran Lahadi alhali tun Litinin yake cin haƙƙin maƙwabcinsa.

Kala tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kakanninmu Maguzawa sun san ta tun kafin bishara ta iso. Da Baba ya koyi karatu a ajin manya na majami'a, sai ya tarar da ita a rubuce. Littafin Firistoci 19:9-10 ya hana manomi girbe gonarsa har gefe, ya hana shi komawa ya yi kala, ya ce a bar wa matalauci da baƙo. Maimaitawar Shari'a 24:19 ta ƙara da cewa ko dami guda ka manta a gona, kada ka koma ɗauka, ya zama na baƙo da maraya da gwauruwa, wato matar da mijinta ya mutu. A duba hikimar da ke ciki. Mai kala ba ta miƙa wa kowa hannu, guminta ta ci. Mai gona kuma bai sami abin yi mata gori ba, don bai ba ta komai daga hannunsa ba. Haka Rut, baƙuwa daga Mowab, ta shiga gonar Bo'aza a Baitalami, ta yi aiki tun safe har yamma, ta sussuke abin da ta tara ya kai efa guda na sha'ir, abin da masana ke ƙiyasta ya haura lita 20. Bo'aza ma har ya umarci masu girbi su riƙa zare mata daga cikin dami suna yarwa, kada kuma wanda ya tsawata mata. Ya ƙara mata rabo ba tare da ya taɓa mutuncinta ba.

Yau kala tana ƙoƙarin ɓacewa. Kara ya zama kuɗi, harawa ta zama kuɗi, dusa da ƙaiƙayi ma ana aunawa. A wuraren noman shinkafa irin su Kura da fadamun Haɗeja, inji ne ke yanka ya casa a wuni guda. Ba na zargin manomi, tsada ce ta koya wa kowa lissafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin taki da na mota da na huɗa duk suka tashi. Sai dai in hanyar da aka saba bi ta toshe, umarnin bai toshe ba. Dole a tambaya, ta ina rabon nan zai fita yanzu?

Kafin amsa, sai an fahimci yadda talauci ke kama mutum a ƙauye, don ba a rana ɗaya yake zuwa ba, zagaye yake yi da shekara. Da kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba, hatsi yakan yi araha saboda kowa ya kai kasuwa. A lokacin ne ƙaramin manomi yake sayarwa, ba don yana so ba: ga bashin bara, ga kuɗin makaranta, ga magani, ga aure ko suna, ga ɗinkin Kirsimeti. Masu jari su saya su tara, wani a kai Dawanau, wani ya bi ta Gujungu ko Maigatari. Kafin ruwa ya zauna, rumbunsa ya yi ƙasa. Daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da gonarsa ta fi bukatarsa, lokacin ne babu abin sawa a tukunya. Sai ya saɓa fartanya ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo tiyar da za a kwana da ita. Ya yi wa wani noman fari da maimai, tasa gonar ciyawa ta shanye ta. Da kaka ya sami ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, daga ciki kuma a cire bashi. Shekara biyu ko uku a haka, sai jinginar gona, sai babban ɗa ya bar makaranta ya tafi cin rani. In kuma aka yi rashin sa'a irin ta 2022, da ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a sassa da yawa na Jigawa, to tafiyar shekara uku sai a yi ta a damina ɗaya. Mutumin nan ba rago ba ne. Sau da yawa ya fi mai gonar da yake yi wa aiki shan rana.

A tsakiyar wannan zagaye bashin kaka yake zaune, kuma a nan nake so in daɗe, don shi ne abin da muka fi jin nauyin faɗa a majami'a.

Shekarun baya an ba ni riƙon littafin ajiya na ikilisiyarmu. Wata damina, wata dattijuwa mai riƙe da jikoki huɗu marayu ta je wajen wani ɗan'uwa mai hali a cikinmu, ta karɓi dawa tiya 20 a watan Agusta, a kan za ta biya 40 da kaka. Ta biya. Ranar godiyar kaka, mutumin ya sa aka shigo da buhu biyu gaban bagade, mata suka yi guɗa, ni kuma na rubuta sunansa a saman shafi. Ita ta kawo gero a 'yar ƙwarya da bai cika mudu biyu ba. Sai bayan an tashi wata daga Zumuntar Mata ta ja ni gefe ta ce, "Malam, ka san wani sashe na buhun can daga gonar Iya ya fito?" Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ni da fasto muka same shi a zaure. Babba ne gare ni, abokin mahaifina, don haka na fara da ban haƙuri. Na ce, "Kawu, ba mun zo tuhuma ba ne, mun zo mu fahimta." Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ɗana, kai ma ka san kasuwa. Abin da tiya take a Agusta ba shi take a Nuwamba ba. In na ba da ashirin a lokacin tsada aka maido mini ashirin a lokacin araha, na faɗi. Da na ƙi ba ta fa, wa zai ba ta?" Maganarsa tana da nauyi, kuma duk mai son gaskiya ba zai share ta da hannu ɗaya ba. Da babu, gara ba daɗi. Akwai garuruwan da in mai ba da bashin kaka ya rufe ƙofa, wasu gidaje ba za a hura wuta ba.

Amma ga inda lissafin ya karkace. Dawar da ya ba ta ba a farashin Agusta ya saye ta ba, tasa ce da ya noma ya ajiye tun bara. In an maido masa tiya ashirin, uwar dukiyarsa ta dawo cif. Abin da ya rasa riba ce da zai iya ci, kuma wannan ribar ce Littafi ya ce a bar ta. Littafin Firistoci 25:35-37 bai yi kwana-kwana ba: in ɗan'uwanka ya talauce, ka tallafe shi, kada ka ba shi kuɗi da ruwa, kada kuma ka ba shi abincinka don neman riba. Abinci aka ambata da sunansa. Ciniki halal ne, ajiya ma ba laifi ba ce, ai Yusufu ajiyar shekara bakwai ya yi a Masar har ta ceci ƙasashe. Wanda ya zo neman jari don ya faɗaɗa noman rani ko ya yi fatauci, ku yi sharaɗinku na kasuwa. Amma wadda ta zo da magariba, ta rufa ƙwarya da gefen zane don kada a gani, cikin jikokinta ne ya kawo ta, kuma ciki mai yunwa ba wurin cin riba ba ne. Wanda ba zai iya haƙura da ribar tiya ashirin ba, ya ba da goma a kan goma, sauran wani ya cika.

Fasto ya buɗe Nehemiya sura 5 ya karanta masa. Abin kamar a ƙauyenmu aka rubuta. Mutane suna kuka sun jinginar da gonakinsu da gidajensu don su sami hatsi lokacin yunwa, wasu sun ci bashi don biyan harajin sarki, har 'ya'yansu sun shiga bauta a hannun 'yan'uwansu. Nehemiya bai ce a yi musu karo-karo ba. Ya tara manya ya ce su mayar da gonakin a ranar, su daina karɓar ruwa, ya kuma sa kansa da 'yan'uwansa a cikin waɗanda suka ba da rance. Dokar Musa ma ta hana karɓar dutsen niƙa a jingina, ta ce wanda ya yi haka ran mutum ya karɓa. Gonar ƙaramin manomi, da jakinsa, da keken ɗinkin gwauruwa, su ne dutsen niƙan yau.

Na mudu da lada ba sai an ja ba. Annabi Amos ya yi kuka da masu rage mudu suna ƙara farashi, masu sayar da ƙaiƙayi a cikin alkama. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin 'yan awo ya san mudun saye da mudun sayarwa, ya san wanda aka bubbuge gindinsa. Kirista mai awo mudu ɗaya gare shi. Ladan ɗan ƙwadago kuma, Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ce a biya shi kafin rana ta faɗi, don a kansa ya sa rai. "Dawo ran kasuwa" magana ce mai sauƙi a bakin mai gona, amma a gidan ɗan ƙwadago kwanan yunwa ne. Yakubu 5:4 ya ce ladan masu girbi da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji.

Wani zai ce, to ai da bangaskiya aka cece mu, ba da ayyuka ba. Haka ne, kuma ba wanda ya ce tiyar dawa tana sayen sama. Amma wurin da ya faɗi haka, Afisawa 2:8-10, shi ne ya ƙarasa da cewa an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. A Matiyu 25 kuma Yesu ya sa kansa a matsayin mayunwaci da baƙo da marar tufa da majinyaci da ɗan kurkuku. Wannan ya isa. Abin da ya fi damuna shi ne wa'azin da ke shigo mana ta waya da talabijin, mai cewa talauci alamar la'ana ce ko ƙarancin bangaskiya, har a ce wa gwauruwa ta kawo ɗan abin da ya rage mata a matsayin iri don ta ga buɗi. Iyayen Yesu da kansu, ranar da suka kai shi Haikali, kurciyoyi ko 'yan tattabaru biyu suka miƙa, hadayar da Shari'ar Musa ta yarje wa wadda ba ta da halin ɗan rago. A gidan talaka ya tashi.

Bayan mutum ɗaya ɗaya, sai ikilisiya kanta. Me muke yi da hatsin godiyar kaka? A wurare da yawa da na sani, ana sayar da shi nan take, a lokacin da ya fi araha, a sayi kwanon rufi ko lasifika ko janareta. Ginin majami'a bukata ce, fastocinmu da masu bishara na karkara kuma da yawansu su ma a cikin rashi suke, wani albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Ba na cewa a hana su. Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta haɗa su duka: kowace shekara ta uku a tara ushirin amfanin gona a ajiye a cikin gari, Balawe, wato mai hidimar ɗakin Allah, da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. A ajiye aka ce, kuma a cikin gari. Buhun da aka sayar a Nuwamba ya sayi 'yan fallayen kwano, in ya kai Agusta yana iya riƙe gida uku su tsaya a gonakinsu har su gama maimai. Maƙwabtanmu Musulmi suna fitar da dami ɗaya cikin goma na noman damina a matsayin zakka, a masarautun Jigawa har kwamitoci ake da su na tarawa da rabawa. Abin koyi ne ta fuskar tsari, mu ma kuma muna da namu umarnin a hannu, aiki da shi ne ya rage.

Na san amsar da ke zuwa: mu ma ai talakawa ne. Gaskiya ne. Hausawa Kiristoci na Sumaila da Rogo da Tudun Wada da Ƙaraye da Roni yawancinmu ƙananan manoma ne, wasu ƙauyukanmu ba makarantar kirki, ba asibiti, ba hanya. Wannan ya sa muka saba ɗaga kai muna jiran taimako daga birni ko daga Turai. Amma gudummawar da Bulus ya fi yabawa, a 2 Korantiyawa 8, ta ikilisiyoyin Makidoniya ce, waɗanda ya ce suna cikin matsanancin talauci, duk da haka su suka roƙa a bar su su sa hannu don 'yan'uwa na Urushalima. A surar ya ce ba ana so wasu su huta wasu su ƙuntata ba ne, daidaito ake nema, yalwarka ta yau ta rufe rashin wani, tasa ta gobe ta rufe naka. Manomi ya fi kowa gane wannan. Wanda gonarsa ta tudu ta yi kyau bana, baɗi fari na iya kama shi, na fadama ya tsira. Gida talatin, kowa ya kawo tiya biyar, an sami 150. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tara hatsi ya fi raba shi sauƙi. Ikilisiyar farko ma a nan ta fara samun gunaguni. Ayyukan Manzanni sura 6 ta ba da labari cewa Yahudawa masu jin Helenanci sun koka ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce ƙarya ne ba, ba su kuma ce a yi shiru don zaman lafiya ba. Suka sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai masu mutunci, kuma dukan bakwai ɗin, daga Istifanas har Nikolas, sunayen Helenanci gare su, alamar an damƙa aikin a hannun ɓangaren da ya yi kukan. A ƙauye, inda kowa dangin kowa ne, rabo yana saurin bin jini: gidan dattijo, surukan ma'aji, na kusa da fasto. Wanda ya zo daga wani gari, ko macen da dangin miji suka yi watsi da ita, sai a manta. Shawarata ita ce a sa Zumuntar Mata a gaba. Su ne suke shiga cikin gida, su suka san murhun da ya kwana biyu ba toka mai ɗumi, su suka san yarinyar da ta daina zuwa makarantar Lahadi don zanenta ya yage. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, bayansa kuwa sai maƙwabciya.

Sannan a rufa asiri. Bahaushe yana iya kwana da yunwa don kada a ga wallensa, wanda ya fi bukata kuma sau da yawa shi ne ba zai taɓa tambaya ba. Yesu ya ce in za ka yi sadaka kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi. Yanzu kuwa sai a jera gwauraye a rana, kowace da ɗan ƙullin shinkafa a gabanta, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Na ga wata tsohuwa tana jan mayafi tana rufe fuska a irin wannan layi, raina ya ɓaci ƙwarai. In masu ba da tallafi suna son shaida, a nuna musu littafin ajiya da sa hannun shaidu. Hatsin kuma a kai shi gida bayan duhu ya yi.

Akwai tambayar da ba ta da daɗin taɓawa a Kano da Jigawa, amma dole a taɓa. Taimakon nan na Kiristoci ne kaɗai, ko har da maƙwabta Musulmi da Fulanin ruga da 'yan'uwanmu da suka rage a gargajiya? In kuma har da su, ba za a ce tarko ne ba? Galatiyawa 6:10 ta ce a yi wa kowa alheri, musamman iyalin masu bi. Akwai "musamman", amma "kowa" ne ya riga shi. Na gida yana da haƙƙi na farko, 1 Timoti 5 ma ta ɗora wa dangi nauyin gwaurayensu kafin a kai ga ikilisiya. Amma Basamariyen da Yesu ya ba da misali da shi a Luka sura 10 bai tambayi wanda 'yan fashi suka yasar a hanya addininsa ba.

Zargin tarko yana da tarihi, bai kamata mu yi kamar ba mu san shi ba. A zamanin Turawa an daɗe ana taƙaita wa mishan shiga masarautun Arewa, ƙofar da ta buɗe musu sosai ita ce ta jinyar kutare. Daga ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), wadda ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinta a 1954, ta riƙe wuraren jinya irin su Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Asibitin ido na ECWA da ke Kano kuma tun 1943 yake aiki, yawancin masu zuwa kuwa Musulmi ne. An wanke gyambon mutanen da danginsu suka guje su, wasu sun karɓi bishara a can, da yawa sun warke sun koma gida da addininsu. Tun lokacin ake kallon magani da wa'azi a matsayin abin da ke tafiya tare, shi ya sa har yau wani yake ɗari-ɗari da buhun da ya fito daga majami'a. Abin da zai kashe wannan zargi hali ne, ba musu ba. Kirista ba ya ɓoye bangaskiyarsa, in an tambaye shi dalili ya faɗa. Amma ranar da ya ɗaura wa mudu sharaɗi, ko da ido ne, ya tashi daga ƙauna ya koma ciniki. Kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya ne ya dawo, bai kuwa janye lafiyar taran ba. Mu ma mun sha cin alherin maƙwabtanmu: ranar da gobara ta kama rumbunan wani gida a unguwarmu, waɗanda suka fara isowa da bokitai daga masallaci suka fito.

Saura batun ragwanci, wanda masu hali suke yawan kafa hujja da shi. Bulus ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci, a 2 Tasalonikawa 3:10. Wanda ya ƙi aka ce, ba wanda ya kasa ko ya rasa ba. Akwai mai sayar da hatsin gidansa ya kai gidan burkutu, wannan sananne ne a wasu ƙauyukanmu, kuma ba a ba shi a hannu, a ba matarsa, dattawa kuma su zaunar da shi. Amma ba a hukunta yara da laifin uba. Taimakon da ya fi kowanne amfani ma shi ne wanda yake tsayar da mutum a gonarsa. Matasan ikilisiya ashirin su yi wa gwauruwa gayya safiya ɗaya a watan Yuli, an gama mata noman da zai ɗauke ta mako uku. Mai shanun huɗa ya ba da rana guda. Mai irin wake ko gyaɗa ya ba da mudu biyu da ruwan fari. A ba mace tunkiya ta kiwata, in ta haihu ta miƙa 'yar ga wata. Wannan ita ce kalar zamaninmu, mai karɓa yana aiki, mai bayarwa ba ya gori.

A tamu ikilisiyar, bayan doguwar muhawara, an yarda a riƙa ware kashi ɗaya cikin uku na hatsin godiyar kaka. Ana zuba shi a buhunan da ba sa shan iska saboda ƙwari, a kulle da kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun dattijo, ɗaya a hannun shugabar mata. Ba a buɗewa sai ruwa ya zauna. Tsofaffi da marasa lafiya da masu riƙon marayu kyauta ne, masu ƙarfi kuma tiya a kan tiya. Ba duka ke dawowa ba. Shekarar farko gida biyu suka kasa biya, ɗaya don rashin lafiya, ɗayan ba wani dalili da ya gamsar da kowa, har yanzu kuma dattawa ba su daidaita a kan ko za a sake ba shi ba. Ni ina ganin a ba matarsa, a kuma sa shi cikin masu gayya.

Shi kuwa Kawu, kwana uku bayan zamanmu, ya aiki ɗansa da dare ya mayar wa Iya tiya goma daga cikin ashirin ɗin da ya ɗora. Ya daina ba 'yan majami'a bashin kaka da ƙari. Amma yana ba mutanen ƙetaren rafi a kan tsohon sharaɗi, yana cewa su ba 'yan'uwa ba ne a ma'anar ayar. Fasto ya ce masa in an kwashe gero za mu dawo zaure mu karanta Luka sura 10 tare.